Karne a Leda, Dosiye a Kabad: Takardun Majinyaci a Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a bakin wani gidan likita a ƙasar Tasawa ko Mayahi ya san abin da ke hannun matan da ke zaune ƙarƙashin bedi suna jiran a kira su. Goyo a baya, ƙwaryar fura a gefe, sai wata 'yar leda da aka nannaɗe sau uku sau huɗu, a cikinta ɗan littafi da gefensa ya lanƙwashe don yawan riƙo. Karne ke nan. Wata ta zo da shi daga Kanambakashe a bisa amalanke, wata daga wani ƙauyen Urafan a bayan kabu-kabu, kuma kafin majo ya tambayi abin da ke damun yaro, sai ya miƙa hannu ya ce, “Ina karnenki?”

A cikin wannan ɗan littafi ake rubuta ranar zuwa, da abin da aka gani, da maganin da aka bayar. In na mai ciki ne, akwai awon da aka yi mata wata bayan wata, da nauyinta, da tansiyonta, da allurar sarƙewar haƙora, da ƙwayoyin Fansidar uku-uku da take haɗiyewa a gaban ungozoma don kada zazzaɓin cizon sauro ya taɓa cikin. In na jariri ne, akwai rigakafin BCG na ranar haihuwa, da na mako 6 da 10 da 14, da na ƙyanda da shawara a wata 9, da layin da ke nuna ko yaro na ƙaruwa ko tamowa ta fara kama shi. Tun watan Satumba na 2024, da Nijar ta ƙaddamar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Gaya, an ƙara wasu allurai huɗu da ake son a riƙa bin lissafinsu.

Bai wa uwa takardar ɗanta ta tafi da ita gida dabara ce da aka gwada a Afirka ta Yamma aka ga amfaninta. A ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, da ke aiki a Imesi-Ile cikin ƙasar Yarabawa, ya fito da katin awon yara wanda uwa ke ajiyewa a wurinta maimakon a bar shi a asibiti, kuma daga can ya bazu ƙasashe da dama. Japan ma tana da littafin uwa da ɗa tun 1948. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a hukumance cewa a riƙa amfani da irin waɗannan takardu na ajiya a gida ga masu ciki da jarirai da yara. Ta wannan fuska, matar ƙauyen Issawan tana riƙe da abin da mutanen wasu ƙasashe suka daɗe suna kai ƙara a kansa kafin su samu.

Sai dai rabin labarin ne ke cikin ledarta.

Ɗaya rabin yana cikin kabad. Tsarin kiwon lafiya a Nijar hawa-hawa ne: ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar CSI inda majo yake, sai asibitin gunduma a garin Tasawa da garin Mayahi, sai manyan asibitocin Maraɗi da Damagaram, sai na ƙasa a Yamai. Kowane hawa da nasa rubutun. A CSI akwai manyan rajistoci, na marasa lafiya daban, na awo daban, na haihuwa daban, da takardar bin naƙuda wadda ungozoma ke cikewa sa'a bayan sa'a. A asibitin gunduma, duk wanda aka ba gado ana buɗe masa dosiye: abin da likita ya gani kowace safiya, ledar ruwa nawa aka ƙara masa, jinin wane rukuni aka sa masa, sakamakon gwaje-gwaje, da rahoton fiɗa idan an yi masa aiki. Ranar sallama, dosiye ya koma kabad, majinyaci ya fita da ordinansi da layi biyu ko uku a karne. Gundumomin nan biyu kuwa kowace ta haura mutum rabin miliyan tun a ƙidayar 2012, Mayahi 557,186, Tasawa 515,852. Takardun da ke taruwa ba kaɗan ba ne.

A ɗauki misali, wanda duk ungozomar yankin za ta gane shi. Mace ta yi doguwar naƙuda a ƙauye, aka kai ta asibitin gunduma da dare, aka yi mata fiɗa aka ciro yaro. Bayan shekara biyu aure ko cin rani ya kai ta wani gari, ga sabon ciki. Likitan da zai karɓe ta yana bukatar amsar tambayoyi biyu. Me ya sa aka yi fiɗar farko? Idan ƙugunta ne ya yi ƙanƙanta, matsalar na nan, sai an sake. Idan yaron ne ya zo a gicciye, wataƙila wannan karon ta haihu da kanta. Sannan, yaya aka yanka mahaifar? Yankan da aka yi a kwance a ƙasan mahaifa ya fi jure naƙuda ta gaba, wanda aka yi a tsaye kuwa ya fi haɗarin fashewa. Tabon da ke kan fatar ciki ba ya faɗin yadda na ciki yake. Amsar tana cikin rahoton fiɗa, shafi ɗaya tak, a can inda aka baro shi. A jihar da binciken lafiya na 2012 ya nuna mace na haihuwar fiye da 'ya'ya 8 a rayuwarta, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya, wannan shafi ɗaya zai iya yi wa mace amfani sau biyar ko shida.

Haka yake ga yaron da ya taɓa yin borin jini bayan ya sha Bactrim. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara kowane wata a damina, wanda Nijar ta fara a 2013, yana da sinadari dangi ɗaya da Bactrim, don haka bai kamata a ba irin wannan yaro ba. In ba a rubuta borin a karne ba, mai rabon magani ba shi da hanyar sani. Haka mai amosanin jini da ake yi wa ƙarin jini akai-akai, da mai ciwon suga, da mai tarin fuka da ya sha magani wata 3 daga cikin 6 sannan ya tafi neman kuɗi Agadas ko Libiya.

A Turai da Amurka, idan ana maganar kuɗin kwafin takardun asibiti, ana nufin abin da za a biya a kan kowane shafi. A Tasawa lissafin ya sha bamban. Shafin fotokofi a kasuwa dala biyar ne ko goma, ba shi ne ke karya mutum ba. Abin da ke karya shi shi ne kuɗin rashin kwafin. Wanda aka tura Maraɗi, tafiyar kilomita kusan 120 daga Tasawa, ya isa hannu biyu, za a sake masa gwajin jini, a sake radiyo, a sake eko, duk da an yi su makon jiya. Ga kuɗin mota na mutum biyu, domin ba a zuwa jinya ba ɗan rakiya. Ga abinci, ga kwana a baranda ana jiran sakamako, ga gona da aka bari a tsakiyar noma. Jikkunan da ke tafiya a nan na akuya ne da aka sayar, ko damman hatsin da aka fitar daga rumbu tun kaka ba ta yi nisa ba. In kuma aka ce a koma a ɗauko takardar, wata tafiyar ce da wani kuɗin.

Gwamnatocin Nijar sun daɗe suna kokawa da tsadar magani. Bayan shirin Bamako na 1987, wanda ya kawo tsarin majinyaci ya biya wani abu a riƙa juya kuɗin ana sayen magani, dokar 1995 ta tabbatar da biyan kuɗi a ƙananan cibiyoyi. A zamanin Shugaba Mamadou Tandja, tsakanin 2005 da 2006, aka mai da fiɗar haihuwa kyauta, sannan awon ciki, da tazarar haihuwa, da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mayahi na cikin wuraren da aka fara ganin yadda abin zai kasance: ƙungiyar HELP ta Jamus ta tallafa wa shirin a Mayahi da Tera tun 2006, kuma masu bincike Valéry Ridde da Aïssa Diarra sun wallafa nazari a kai a 2009. Mata sun yi tururuwa da 'ya'yansu. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma magani kyauta na cikin dalilan. Amma baitulmali ya riƙa jinkirin biyan cibiyoyin kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa. Inda kuɗin magani ya gagara, kuɗin takarda da tawada ba ya samun mai tuna shi. A irin haka ne ake ganin an raba kayen 'yan makaranta biyu an mai da shi karne. A watan Agusta na 2024 hukumomi sun rage rabin kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati, suka mai da haihuwa kyauta daga 1 ga Satumba. Sauƙi ne babba. Gwajin da aka biya rabinsa sau biyu dai, kuɗinsa ya koma cikakke.

To me doka ta ce? Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 3 ga Mayu 2017, aka gyara ta a 2019, sannan aka maye gurbinta da sabuwa mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022. Ta 2017 ce ta kafa hukumar HAPDP a Yamai don sa ido. Dokar ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ake yi wa tsaro na musamman, ta kuma ba kowane mutum haƙƙin neman sanin abin da aka ajiye game da shi, da haƙƙin neman a gyara in an yi kuskure. Kafin ita akwai dokar 23 ga Fabrairu 2011, ta zamanin riƙon ƙwaryar Janar Salou Djibo, wadda ta buɗe wa 'yan ƙasa ƙofar neman takardun da ke hannun ma'aikatun gwamnati. A ɗaya ɓangaren, dokar hukunta laifuka ta haramta wa likita da ungozoma da mai harhaɗa magani tona sirrin majinyaci. Wannan sirri an yi shi ne don kare majinyaci daga idon wasu. Ba hujja ba ce ta ɓoye masa abin da ya shafi jikinsa, ko da yake akan juya shi haka a bakin taga.

Haƙƙin yana nan a rubuce, amma a cikin dokar da ta haɗa banki da kamfanin salula da makaranta da asibiti a buhu ɗaya, ofishin da ke kula da ita kuma yana nesa da Tasawa da fiye da kilomita 700. Manomin Gidan Amumun bai taɓa jin sunanta ba, kuma da wuya a ce an taɓa karanta wa majon garinsu ita a wani horo. Abin da mutum ke bukata a bakin taga amsa ce gajera: wa zan tambaya, kwana nawa zan jira, nawa zan biya.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske, waɗannan tambayoyin suka amsa da lamba. A Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin asibiti daga gare ta, har zuwa 2002 majinyaci ba ya ganin dosiyensa sai ta hannun wani likita da ya zaɓa. Dokar 4 ga Maris 2002, da ake kira da sunan ministan lafiya Bernard Kouchner, ta ba shi damar gani da kansa. Aka sa wa'adi: kwana 8, ko wata 2 idan bayanan sun wuce shekara 5. Dubawa a wurin kyauta ce, kwafi kuwa dokar ta 2002 ta ce kada a karɓi fiye da abin da aka kashe wajen bugawa da aikawa. Asibiti kuma zai ajiye dosiye shekara 20. A Birtaniya akan karɓi har fam 50 kafin Mayu 2018, lokacin da dokar bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ta soke kuɗin. Daga baya wani mutum a Jamus ya yi zargin likitar haƙoransa ta yi masa kuskure, ya nemi takardunsa, ta ce sai ya biya kuɗin kwafi kamar yadda dokar Jamus ta ba ta dama. Magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda a ranar 26 ga Oktoba 2023 ta yanke cewa kwafin farko kyauta ne, kuma majinyaci ba sai ya faɗi dalilinsa ba, ko da niyyarsa ya kai likitar ƙara.

Amurka ta bi wata hanya. Dokar HIPAA ta 1996 da ƙa'idojin da suka biyo ta sun ba asibiti kwana 30, sun yarda a karɓi kuɗi amma daidai abin da aka kashe wajen kwafi, ban da ladan neman takardar a ma'ajiya. Duk da haka asibitoci sun riƙa jan ƙafa, har hukuma ta fara cin tara. A Satumba 2019 wani asibiti a St. Petersburg ta jihar Florida ya biya dalar Amurka 85,000 saboda ya bar wata uwa tana jiran bayanan bugun zuciyar ɗanta na lokacin da yake ciki sama da wata 9. Ko a can ma, sai da tara ta fara zafi aka fara sauri.

Misalin da ya fi dacewa da Mayahi na Afirka ta Kudu ne. Dokar lafiya ta ƙasar ta 2003 ta wajabta a ba duk wanda ya kwanta asibiti rahoton sallama a rubuce ranar da zai fita. Ba sai ya roƙa ba, ba sai ya san sunan wata doka ba, ba sai ya dawo ba. A wurin da yawancin majinyata ba za su iya rubuta takardar neman dosiye ba, wannan ce hanyar da haƙƙin zai isa ga mai shi. Nijar ma tana da tushen abin a cikin tsarinta: takardar turawa da majo ke rubutawa idan ya aika mutum asibitin gunduma tana da ɓangaren amsa, wanda likita zai cike ya mayar wa majo abin da aka gani da abin da za a ci gaba da yi. Masu kula da lafiya sun daɗe suna kukan cewa amsar ba ta cika dawowa ba. In ta dawo, majo ya san abin da zai yi da mutumin da aka sallamo masa. In ba ta dawo ba, sai ya tambayi majinyaci, shi kuma ya ce an yi masa allurai an sa masa ruwa.

Akwai kuma maganar iyaka. Kudancin Tasawa, wajen Korgom da Hawandawaki, ba nisa da jihar Katsina, kuma mutanen yankin sun saba tsallakawa neman magani: masu ciwon ido zuwa Kano, masu karaya zuwa asibitin ƙashi na Dala, masu yoyon fitsari zuwa Babbar Ruga a Katsina, ko da yake tun 2012 akwai cibiyar yoyon fitsari a Danja kusa da Maraɗi. A Nijeriya al'adar ta saɓa da ta Nijar. Ana buɗe wa mutum fayil ya zauna a ɗakin kati, shi kuma a ba shi ɗan kati mai lamba. Wanda ya dawo gida daga Kano yakan dawo da lamba kawai, wadda ba ta gaya wa likitan Tasawa komai. Da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, duk mai fayil a can ya yi nisa da tarihin ciwonsa. Dokokin Nijeriya kuwa suna tare da shi in ya nema: kundin haƙƙoƙin majinyata da aka ƙaddamar a Yuli 2018 ya ambaci samun bayanan asibiti a kan lokaci da yi wa mutum bayani cikin harshen da yake ji, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ƙarfafa haƙƙin neman kwafi. Abin da ya kamata ɗan Nijar ya nema kafin ya baro asibitin Nijeriya shi ne rahoton likita a rubuce da sakamakon gwaje-gwajensa. Sai dai za su zo da Ingilishi, kamar yadda karnensa ya je can da Faransanci, alhali likita da majinyaci da ɗan rakiya duk da Hausa suka yi magana.

Nan ne babban cikas yake. Wajen kashi ɗaya cikin uku na manyan Nijar ne ke karatun boko, a cikin matan karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Ko wanda ya yi makaranta, rubutun likita da gajerun kalmominsa sukan gagare shi. Mace za ta riƙe karne shekara biyar, ta kare shi daga gara da ruwan sama, ba ta san cewa a shafi na uku an rubuta jininta na rukunin da ke bukatar allura ta musamman bayan haihuwa ba. Masana Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, a littafin da suka fitar a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma har da Yamai, sun nuna yadda ake sallamar marasa lafiya ba a gaya musu sunan ciwonsu ba. Miƙa wa irin wannan mutum kwafin shafi 20 bai sauke nauyi ba. Minti biyu na bayani da Hausa, “ga abin da muka gani, ga abin da na rubuta, in kin je wani wuri ki nuna nan,” sun fi masa amfani. Kundin da Nijar ta amince da shi a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Buga kanun shafukan karne da Hausa, boko da ajami, kusa da Faransanci, na cikin ayyuka mafi arha da za a fara da su, kuma malamin zaure zai iya karanta wa maƙwabciyarsa.

Buɗe takardu yana da nasa haɗari, kuma bai kamata a raina shi ba. A gidaje da yawa karnen mace yana hannun miji ko uwar miji. Akwai matan da suka fi son takardar tazarar haihuwarsu ta zauna a wurin ungozoma, kuma suna da dalilinsu. Sakamakon gwajin sida ko ciwon hanta in ya faɗa hannun kishiya ko ya bi ta shagon fotokofi inda yaron shago ya san kowa a gari, aure na iya mutuwa. Haƙƙin ganin takarda na majinyaci ne shi kansa in baligi ne mai hankali, na iyaye ne a kan ƙaramin yaro. Miji ko wa ko mai gari ba su da shi sai da yardar mai ciwo. Don haka ya fi kyau a yi kwafi a cikin asibiti, a miƙa hannu da hannu. Salula ta kawo sauƙi, domin ɗaukar hoton shafi ba ya cin ko dala, kuma bayan ambaliyar 2024, wadda jihar Maraɗi na cikin inda ta fi ɓarna, duk wanda ɗakin ƙasa ya rufta wa takardunsa ya san darajar hoton da ke cikin waya. Amma hoton da aka tura wa ɗan'uwa likita ta WhatsApp, daga nan ba mai iko da inda zai tsaya.

Ma'aikatan ma a yi musu adalci. A watan Satumba, lokacin da zazzaɓi da tamowa ke haɗuwa, majo ɗaya da mataimaki kan duba mutane tun safe har bayan la'asar, sannan su kwana a kan rajistoci, domin kowane wata sai sun tura rahoto gunduma a shigar da shi manhajar DHIS2 da ma'aikatar lafiya ke amfani da ita. Wannan manhaja lissafi take tarawa: yara nawa suka yi zazzaɓi a Cake, mata nawa suka haihu a Maijirgi. Ba ta ajiye labarin mutum ɗaya. Ma'aikaci yana rubutu da yawa, amma mafi yawansa sama yake tafiya, zuwa Maraɗi da Yamai da masu ba da tallafi. Kaɗan ne ke komawa ga wanda aka rubuta a kansa. Ƙara wa majo aiki ba tare da takarda mai kalan kwafi ko wutar sola da na'urar bugawa ba, zalunci ne a kansa. Amma rahoton sallama na shafi ɗaya, mai gurabe a shirye da za a cike da biro, bai fi ƙarfin asibitin gunduma ba.

Kowace CSI tana da kwamitin mutanen gari da ke sa ido a kan kuɗinta da magungunanta. Su ne ya dace su ɗauki maganar zuwa ga babban likitan gunduma, a ƙara layi a allon farashi da ke liƙe a bango: kwafin takardu, wurin wane, cikin kwana kaza, a kan kuɗi kaza, da rasit. A kuma bambanta shi da takardar shaidar likita da ake kaiwa kotu ko jandarmari bayan duka ko fyaɗe, wadda aiki ne daban na likita, kuma tsadarta kan sa wanda aka zalunta ya haƙura da ƙara. Kafin a kai nan, majinyaci na iya taimakon kansa da ladabi. Ranar sallama ya ce, “Likita, don Allah a rubuta mini a karne sunan ciwon, da aikin da aka yi, da maganin da bai karɓe ni ba.” Takardar gwaji da hoton radiyo da ya biya kuɗinsu ya tafi da su. In karne ya cika, kada a jefar, a ɗinke shi da sabon. Mai jego kuma ta tabbata an rubuta ranar haihuwa, domin dokar 2019 ta ba da kwana 60 a yi rajistar jariri, bayan haka sai an bi ta wurin alƙali.

Wurin da aka fi yin shiru shi ne inda aka yi rashi. Mace ta rasu wajen haihuwa, dangi na gaggawar kai ta gida a yi mata sutura kafin rana ta faɗi, ba wanda zai tsaya neman takarda, kuma tambayar dalili kan yi wa mutane nauyi, kamar jayayya da ƙaddara. Ma'aikatar lafiya tana da tsarin bin diddigin irin wannan mutuwa, ma'aikata su zauna su duba inda aka yi jinkiri, amma abin da suka gano yana tsayawa a tsakaninsu. Dokar Faransa ta ba magada damar ganin bayanan mamaci don dalilai uku: sanin abin da ya yi ajalinsa, kare mutuncinsa, ko neman haƙƙinsu, sai fa in shi ya hana tun yana raye. Na farkon ya shafi masu rai kai tsaye. Jijjigar masu ciki takan fi samun wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi ta. Amosanin jini gado ne, tarin fuka kuma yana bin waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da mai shi. Idan bayan sadakar bakwai miji ko uba ya koma asibiti ya nemi a gaya masa abin da ya faru, ya kamata ya tarar da wanda zai zaunar da shi, ya buɗe dosiye, ya yi masa bayani da Hausa, ya kuma rubuta masa abin da ƙannen marigayiya da 'ya'yanta za su nuna wa ungozoma ranar da nasu awon ya zo.